Laifin takalmi ne, ba na jinin yarona ba

Duk wanda ya zauna a Tirol ta ƙasar Ostiriya ya san cewa zamiya a kan dusar ƙanƙara ta wuce wasa a wajensu. Birnin Insburuk sau biyu yana karɓar gasar Olamfik ta hunturu, a 1964 da 1976, kuma makarantu kan kwashi ɗalibai mako guda su kai su dutse su koya. A shirin irin wannan tafiya ne na kai yarona dutsen Patscherkofel, muka yi hayar takalmi. Kafin azahar ya ce, "Baba, ba na jin yatsuna." Da muka cire, yatsun sun yi fari fat, ga shatin maɗauri a doron ƙafar. Na koma wa mai shagon, ya ɗaga kafaɗa ya ce ai jinin mutanen Afirka bai saba da sanyi ba.

Sai kun ga takalmin nan za ku gane. Roba ce mai taurin gaske tun daga yatsa har tsakiyar ƙwauri, da maɗaurai huɗu na ƙarfe, a ciki kuma akwai wani takalmin mai soso. Idon sawu ba ya juyawa, kuma da gangan aka yi shi haka don dogayen allunan zamiya da ake maƙala wa takalmin su bi motsin ƙafa. Faɗin cikinsa da milimita ake ƙidaya shi: matsattse wajen 98, matsakaici 100, mai faɗi 102 zuwa sama. To akwai jijiyar da ke bi ta doron ƙafa tana kai jini ga yatsu, daidai inda maɗauri na biyu yake dannawa. Idan ƙafar mai faɗi ce ko mai tudu, sai jinin ya ragu, yatsu kuma ba wurin motsi, gumi ya jiƙa safa, sanyi ya ƙarasa aikin. Safa mai kauri ko biyu ƙara matsi take yi. Siririya guda ta ulu ake so.

Ban ce babu ƙamshin gaskiya a maganar mai shagon ba. Likitocin sojan Birtaniya sun lura raunin sanyi ya fi kama sojoji 'yan asalin Afirka. Akwai kuma ciwon da likitan Faransa Maurice Raynaud ya bayyana a 1862, wanda jijiyoyin yatsu ke tsukewa da an ji sanyi, kuma Turawan nan da yawa suna fama da shi. Suna da ƙwararru ma masu gasa robar su buɗa ta daidai ƙafa, har da shimfiɗar takalmi mai batir da ke ɗumama tafin ƙafa. Na yaba. Amma wannan hidima ta mai kuɗi ce. Ɗan haya tsawon ƙafarsa kawai aka duba aka miƙo masa.

Wallahi badukun Ƙofar Wambai ta Kano ba zai yi haka ba. Zai ce ka taka kwali, ya zana ƙafar da biro, ya ɗora zare a doronta, in takalmi ya matsa ka dawo masa ya ce kawo a gyara, Alhaji. Bai taɓa ce wa kowa ƙafarsa ce ba ta dace ba. Ba shi da na'ura, amma yana kallon mutumin da ke gabansa.

Abin da ya fi ci mini rai, a gaban yaron aka faɗi maganar, kuma da Jamusanci, harshen da ya fi ni ji. Yaran da muke haifa a nan suna jin irinta a filin ƙwallo, a wajen ninƙaya, a aji, har su fara ɗauka cewa jikinsu ne ke da nakasa. A gida ko faso ya tsattsaga maka diddige da hunturu, man kaɗanya za a miƙo maka, ba wanda zai ambaci asalinka. Shi ya sa na yanke shawarar hutun bazara mai zuwa a Kano zai yi shi, wajen kakarsa da 'yan'uwansa, ko da kuɗin jirgin zai cinye abin da na tara.