Ranar Da Aka Saɓa Ni A Wuya A Barra

Ku da kuka kalli bidiyon hawana kwale-kwale da abokina Injiniya ya watsa a zaurenmu na WhatsApp, ku tsaya ku ji ta bakina, domin inda ya fi muni kawai ya yanko ya tura muku.

A gurguje: shirin TAC, wanda Najeriya ta kafa a 1987 don tura malamai da likitoci da injiniyoyi aikin sa-kai a ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Fasifik, shi ya kawo ni Gambiya na shekara 2. Aka tura ni arewacin kogi, kusa da Barra, ina koyar da lissafi. Banki da duk wata harkar takarda suna Banjul, babban birnin ƙasar, ita kuma tana tsallaken ruwa, daidai inda kogin Gambiya ke shiga teku. Akwai gada, an buɗe ta a 2019, amma tana can Farafenni, fiye da kilomita 100 daga inda nake.

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah aka kira mu taro a Banjul, aka ce kowa ya zo da kayan gida. Na ciro farar shaddar nan da uwargida ta kai wa masu bugu kafin in taho, babbar riga da 'yar ciki da wando, na kafa zanna bukar. Muna isa tashar jirgin ruwa muka tarar ba masaka tsinke, ga motoci, ga garken ragunan da fatake suka kwaso daga Senegal da Mali. Injiniya ya ce idan muka tsaya bin layi sai an tashi taro, mu bi kwale-kwale.

To shi kwale-kwalen nan babba ne, ba ya iya matsowa bakin yashi. Can cikin ruwa yake tsayawa, inda ruwan ke kai wa mutum ƙirji. Akwai samari majiya ƙarfi da sana'arsu ke nan: su saɓa fasinja a wuya su kai shi. Mace da namiji, tsoho da ɗan boko mai kwat, kowa haka ake yi masa, ba mai ko ɗaga kai ya duba.

Samarin suna ta rububin fasinja, suna zuwa kaina sai kowa ya tuna yana da wani uzuri. Kun dai san ni, tuwon gidanmu bai tafi a banza ba. Suka koma gefe suka yi shawara, suka turo mini wani dogo da ya gama kai rago yanzun nan. Ya zagaya ni, ya matsa damtsena, ya ja baya ya ƙare mini kallo yadda dillali ke duba sa a kara. Kowa dalasi 10 (kuɗin ƙasar ke nan) ya biya, ni ya ce 25. Na ce ragon nan nawa ka ɗauke shi? Ya ce ai rago ba ya sa babbar riga.

Ya durƙusa. Na ɗaga ƙafa ɗaya na ɗora, ta biyun ta ƙi tashi, sai da wata tsohuwa mai sayar da zoɓo ta ajiye robarta ta zo ta tallafa mini ta baya. Ya yunƙura ya miƙe, gwiwoyinsa na rawa, nawa ma na rawa. Nan take rigar ta sauko ta lulluɓe masa kai ruf. Mutanen da ke bakin ruwa abin da suka gani shi ne wani farin alhaji mai tsawon mutum biyu yana tafiya da baƙaƙen ƙafafu, ya nufi inda ba kwale-kwale. Tsohuwar nan ta bi mu har ruwa ya kai mata gwiwa tana ƙwala masa kwatance da Mandinkanci, ita ce dama, ita ce hagu. Ni kuwa na rasa abin riƙewa, na damƙi kansa ta saman riga, ashe idanunsa na toshe. Yana ihu daga ciki, ina karanta bismillahi majreha wa mursaha da ƙarfi, alhali ko jirgin ban taɓa ba tukuna.

Muna tsakiya igiyar ruwa ta zo ta mare mu. Ya tsaya cak. Na ji murya daga ƙarƙashin rigata tana cewa, "Alhaji, sai ka ƙara." Na ce nawa? Ya ce 50. Ban taɓa sallama ciniki da sauri haka ba tunda nake.

Hawa kwale-kwalen shi ne inda bidiyon ya fara. Mutum biyu suna ja na ta hannu daga sama, shi yana turawa daga ƙasa, mazagin wando ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya saki. Hannu ɗaya a wando, ɗaya a hannun bayin Allah, na faɗa ciki rub da ciki a kan ragunan mutane. Hula ta yi nata wuri. Ina ɗago kai, ga ɗalibaina mata uku a kan benci, 'yan ajin da nake yi wa faɗa kullum a kan natsuwa. Suka miƙe tsaye, a cikin kwale-kwalen da ke tangaɗi, suka haɗa baki suka yi mini gaisuwar aji. Ta ukun ta kasa ƙarasawa, ta cusa mayafi a baki.

Duk wannan Injiniya na zaune a bushe yana ɗauka da waya, shi da wani yaro ya kawo a kafaɗa ɗaya ko nishi bai yi ba. Mutumin da ya sauka ƙasar nan da jaka ɗaya, na ba shi katifa, na ba shi yajin da uwargida ta daka mini na shekara guda, ya cinye shi kafin azumi. A gaban mutane sai ya riƙa cewa shi ya zama ɗan gari, ba ya cin komai sai abincin 'yan ƙasar, daga benacin sai domoda, amma da ya ji ƙamshin daddawa daga ɗakina sai ga shi da sallama da cokalinsa a aljihu. Kilishin da na ɓoye a cikin akwatin littattafai ma ya gano, wai ya zo aron littafin lissafi. Injiniya da aron lissafin 'yan aji uku! Na kai ƙararsa wajen wani dattijo maƙwabcinmu, da ya ji ni Bakano ne shi Bazazzagi, kuma akwai wasa tsakaninmu, sai ya ce ai haka Fulani da Serer suke a nan, ba a shari'a a kai, in ƙara masa kilishi ma.

Abin da bidiyon bai nuna ba, a Banjul ma kwale-kwalen ba ya kai wa gaci. Sai da aka sake ɗaukata, kuma matuƙin ya riga ya ƙwala wa na can labari tun daga nesa, don haka daga 50 aka fara ciniki. Na shiga taro ba hula, ina warin rago, na zauna a kujerar baya. Da dawowa jirgin gwamnati na jira har bayan isha'i.

Duk wanda zai taho daga Kano ya riƙo mini yaji da hula lamba 23. Ya ba ni hannu da hannu, kada ya bar wa kowa saƙo.