Dokar kare namun daji: wa za a kama a Katsina?

Duk wanda ya tashi a Katsina kafin shekarun 1990 zai tuna mahauta ba ta rabuwa da ungulu. Suna jere a kan katanga da rassan kuka, suna jiran mahauta su watsar da tumbi. Yau sai ka yi wata kana zagayen kasuwanni ba ka ga ko ɗaya ba. Tun 2015 hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya irin ungulun da muka saba gani a jerin tsuntsayen da suke gab da ƙarewa, kuma masu bincike sun ɗora laifin a kan guba da cinikin kawunansu don tsibbu.

Doka dai akwai ta. An kafa ta a 1985, aka gyara ta a 2016, inda tarar naira 1,000 ta koma naira miliyan 5 a kan dabbobin da aka fi tsananta wa kariya. Sau biyun ɗan Daura ne ya sa hannu, Janar Muhammadu Buhari, da kaki da kuma farar hula. A 2025 majalisun tarayya biyu suka amince da sabon ƙudurin Terseer Ugbor, ɗan majalisa daga Binuwai, wanda ya ba masu bincike ikon bin sawun kuɗi da ƙwace dukiyar masu fasa-ƙwauri.

Wannan ɓangaren na bin kuɗi ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Wanda ke loda hauren giwa da katakon madobiya a tashar jirgin ruwa ta Legas ba ya tsoron tarar miliyan 5, don riba ɗaya ta biya ta. Abin da ke damuna shi ne yadda doka ke sauka a ƙauye. Jami'in da aka tura ba zai shiga Dajin Rugu ba, kowa ya san 'yan bindiga ne masu iko da shi. Zai tsaya a kasuwar Mai'adua ko Charanci ranar cinta, ya kama tsoho mai shimfiɗa da fatar damo da ƙahon barewa. Wannan tsohon bai taɓa jin sunan dokar ba, ba a taɓa karanta masa ita a rediyo da Hausa ba, kuma gonarsa da gidansa duka ba su kai miliyan 5 ba.

Ba wanke masu cinikin kan ungulu nake yi ba. Sun yi mana ɓarna, mushen da ke ruɓewa a bayan gari yana tara karnuka shaida ne. Amma mafarauta suna da shugabanci: akwai Sarkin Baka, akwai Sarkin Dawa, kuma daga dagaci har hakimi suna jin maganar fada. Mutanen nan su suka san inda gauraka ke sauka da damina da inda kura ta rage. Gandun dajin Yankari a Bauchi ya gwada ɗaukar mutanen ƙauyukan da ke kewaye su zama masu lura da giwaye, ana ba su ɗan alawus. Masarautun Katsina da Daura za su iya fara haka da ungulu: a kira shugabannin mafarauta da masu magani zama a fada, a karanta musu jerin dabbobin da sunayensu na Hausa, a ba su wa'adin fitar da abin da ke hannunsu kafin a soma kamu.