Sanduna Goma, Rata Tara

Murfi kawai nake so in zana wa akwatin wata ƙaramar kwamfuta, mai sanduna a jere don iska ta riƙa shiga. Tsawonsa milimita 200, sanduna 10, kaurin kowace milimita 4. Na buɗe OpenSCAD ina hura hanci, domin a wannan manhaja lissafi ake rubutawa, siffa ta fito da kanta. Ka canza lamba ɗaya, sauran zanen ya bi ta. Ni kuwa a lokacin ji nake lissafi a jinina yake.

Na raba 200 gida 10, na samu 20, na ce kowace sanda ta matsa da 20 daga ta bayanta. Ta farko ta manne da gefen hagu. Ta ƙarshe ta ƙare a 184, ta bar giɓin milimita 16 a dama, murfin ya fito kamar yaron da ke famfara.

Sai na ce ƙirgen ne bai kai ba. Da daga 0 zuwa 9 na rubuta, na mayar da shi 0 zuwa 10. Ashe manhajar da farkon da ƙarshen duk ƙirgawa take, sanduna suka zama 11, ta goma sha ɗayan tana tsaye a wajen murfi kamar baƙon da ba a ce ya shigo ba.

Daga nan na ajiye mutunci na koma cinke. Na gwada 21, na gwada 22, na gwada 21.5, ina kanne ido ɗaya ina manna fuska a allo. A 21.8 na ce ya yi, wa zai auna? Da na mai da sandunan 12 don gwaji, biyu suka fice waje.

Ƙanwata, 'yar firamare, ta daɗe a bayana tana kallo.

"Yaya, buɗe hannunka. Yatsu nawa?"

"Biyar. Je ki, aiki nake."

"Tsakaninsu fa?"

Na duba hannun da nake yawo da shi tun haihuwa. Huɗu. Sanduna 10 rata 9 gare su. Kuma dole a cire kaurin sanda ɗaya, tunda ta ƙarshe a 196 za ta fara in ana so ta ƙare daidai 200. Na rubuta a cire kauri daga tsawo, a raba da adadi ban da ɗaya. Ya ba da kusan 21.78, sanduna suka jeru ras, ko 12 na sa ko 30. Na ce mata dama hanyar da nake shirin bi ke nan.

Saura ƙusoshi 6 da za su zagaye gurbin fanka. Da sabon ilimina na raba digiri 360 gida 5, na samu 72. Na ƙirga a allo, biyar. Na juya zanen sama da ƙasa, na leƙa ƙarƙashinsa, biyar dai. Rabin awa ina cigiyar ta shida, alhali tana zaune daram a kan ta farko, don a da'ira 360 da 0 wuri ɗaya ne. A nan 6 ake rabawa, 60 kowace.

Kafin in gano haka sai da ta leƙo ta ƙofa.

"Yaya, in zo?"

Na tambaye ta ko ba a ba su aikin gida ba ne yau.