Ba 'yan TikTok ne suka fi ba ni tsoro ba

Duk lokacin da aka tayar da zancen ko soshiyal midiya alheri ce ko sharri, sai a nufi 'yan TikTok kai tsaye: ga mai rawa, ga mai ashar, ga wadda Hisbah ke nema ruwa a jallo. Ban ce suna daidai ba. Amma abin da ya fi tayar min da hankali yana cikin guruf ɗin dangi na WhatsApp, kuma mai turo shi yawanci dattijo ne da ba ka isa ka ƙaryata ba.

Ku tuna watan Agustan 2014, lokacin Ebola. Cikin dare saƙo ya karaɗe wayoyi cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Kafin asuba uwa ta tashi 'ya'yanta, miji ya kira ƙauye, maƙwabci yana buga ƙofar maƙwabci. Aƙalla mutum 2 suka mutu, wasu da dama aka kwantar a asibiti. Ita Ebolar kanta mutum 8 ta kashe a duk Najeriya, a Legas da Fatakwal, ba ta ma tako Arewa ba. Kuma babu wanda ya tura saƙon nan da mugun nufi. Ƙauna ce ta sa aka tura.

Na Filato ya fi muni. A watan Yunin 2018, ana tsaka da kashe-kashe a yankin Barikin Ladi, aka baza hotuna a Facebook, har da na wani jariri da aka sassara. Binciken BBC ya gano hoton tsoho ne, wani bidiyon da aka baza tare da shi kuma daga Kongo ma yake. Kafin a gano, matasa sun tare hanya sun kashe matafiyan da ba su ji ba ba su gani ba. Binciken ya ce a lokacin mutum 4 kacal ke aikin tantance wa Facebook labarai a ƙasar da mutum miliyan 24 ke amfani da shi.

Jita-jita ba baƙuwarmu ba ce. A 2003 ba Facebook ba WhatsApp, amma an dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda raɗe-raɗi. Sai dai a da, mai kawo labari yana da fuska. In mai shayi ya faɗa, ka san halinsa, ka san nawa za ka rage. Yanzu murya ce kawai, ta fara da sallama, ta rantse da Allah, ta ƙare da "don girman Allah a tura wa 'yan'uwa Musulmi". Ba suna, ba gari, ba rana. Ga shi Kawu ne ya turo, to wa zai yi musu? Alamar da WhatsApp ke sawa cewa an yi ta tura saƙo da Turanci take fitowa a yawancin wayoyinmu, Hajiya kuwa sauraro take yi, ba karatu ba. In yaro ya ce "Baba, wannan fa ba gaskiya ba ne", sai a ce boko ya lalata shi. Haka aka yi ta yawo da zancen cewa Buhari ya mutu an maye gurbinsa da wani Jibrin na Sudan, har sai da Buhari da kansa ya tsaya a Poland a Disambar 2018 yana cewa shi ne dai, ba wani ba.

Hukuma fa? Tana da sauri, amma in an taɓa ta. Twitter ta goge rubutun shugaban ƙasa Buhari, aka rufe ta daga Yunin 2021 har Janairun 2022. A Kano, kotu ta sa an yi wa wasu 'yan barkwanci biyu bulala ashirin-ashirin a 2022 saboda sun taɓa Ganduje. Wanda ya ɗauko gawar wata ƙasa ya ce ta ƙauyenku ce, yaushe kuka ji an kai shi gaban alƙali?

Duk da haka ba na cikin masu cewa a rufe soshiyal midiya. Mata nawa ke ciyar da gida da turaren wuta da atamfa ta sitatus, ba su fita ko ƙofar gida ba? Marasa lafiya nawa aka haɗa wa kuɗin tiyata? Da ba don ihun da aka yi a nan ba, shari'ar kisan Hanifa ba lallai ta yi saurin da ta yi ba. Mutanen Zamfara da aka datse wa sabis a 2021 sun fi kowa sanin me rashinsa ke jawowa.

A lissafina alherin ya ɗan rinjaya, sai dai shi sharrin da rai ake biyansa. Ga zaɓen 2027 na tafe, ga manhajojin da ke iya kwaikwayon muryar kowane malami cikin 'yan mintuna. Admin na guruf ɗin danginku, yana da ƙarfin halin goge saƙon Kawu?