Ba ruwan sama kaɗai ke kada mana gidaje ba

Jama'ar Damagaram salamu alaikum, yau dai sai na faɗi abin da ke cina ko da wasu za su ji haushi. Duk damina in bango ya faɗi sai ka ji ana cewa ruwa ne ya yi yawa, ƙaddara ce, Allah ya mayar da alheri. To amin. Amma gidan siminti da aka gama bara, bana ya tsage tun daga saman taga har ƙasa ka sa yatsa ya shige, shi ma ruwan ne?

Ba gidajen laka nake nufi ba. Kowa ya ga abin da daminar 2024 ta yi mana, har tsohon masallacin Birni da ya haura shekara 150 a tsaye ya rushe cikin watan Satumba, wannan ruwa ne na gaske. Kuma ita laka an san halinta, tana son yaɓe da gyaran indararo kafin ruwa ya sauka. Maganata kan sabbin unguwanni ce inda mutum ya zuba miliyoyi wai ya huta da yaɓe.

Ku fara da bulo. Buhun siminti kilo 50 ne, masu aikin kirki suna cire bulo 25 zuwa 30 a ciki, amma wallahi akwai masu jan buhu ɗaya har ya ba su 45 ko 50, sauran duk yashi ne, yashin ma mai haɗe da ƙasa wanda ba a tankaɗe ba. Ka ɗauki bulon ka murza gefensa da babban yatsa sai ya dinga zuba, wajen sauke shi daga amalanke kuwa wasu sun riga sun fashe tun ba a ɗora su ba. Da shi za a ja bango a ɗora dal, wato rufin kankare, a kai mutane su kwana a ƙasa.

Sai batun ruwa, wanda nake ganin shi ne ciwon garin nan da ba a cika faɗa ba. Siminti ba bushewa yake so ba, sha yake so, aƙalla kwana 7 ana ba shi ruwa safe da yamma, kuma sai wajen kwana 28 yake kai ƙarfinsa. To mu da bazara pampo sai ya yi kwanaki bai kawo ba, ruwan sha ma sai an bi mai garuwa ana roƙo, wa zai sayi jarka ashirin ya zuba wa bango? Sai a yayyafa kwana biyu a bar wa ranar Afrilu sauran aikin, a yi saurin cire itacen da ya tokare dal don ana jiransa a wani shantiye, wato wajen gini. Daga baya dal ta fara yoyo a ce wai aljanu.

Rodi kuwa in an rubuta mai kaurin milimita 12 sai a sa na 10 ko na 8, da zarar an zuba kankare shi ke nan babu mai gani. Ga filayen tabki da aka cike da shara aka yanka aka sayar da araha, tushe bai kai ƙasa mai ƙarfi ba, danshi na hawa gindin bango fenti na kumbura yana ɓarewa.

Kuma kada mu ɗora wa maso, wato magini, laifin duka. Maso ya ce Alhaji aikin nan zai ci buhu ɗari, Alhaji ya ce a'a malam ka yi dabara da saba'in, ya kuma danne masa kuɗin aiki, amma ƙofar gida ta jika ɗari uku ba ya ko tayawa. Waɗanda suka fi ba ni tausayi ƴan uwanmu ne da ke Libiya da Aljeriya ko wajen haƙar zinariya suna aiko da kuɗi, a damƙa wa ƙanen baba ko wani yaya, shi kuma a tura masa hoton gaban gida ta WhatsApp an sha fenti. Babu takarda, babu shaida, ranar da ya dawo ya ga ɓarna ba ya iya kai ƙara don suruki ne ko ɗan unguwa, dattawa su taru su ce a yi haƙuri zumunci ya fi gini.

Mai shan wahalar kuma uwargida ce. Ƙarfe biyun dare tana jan katifa tana jera robobi a tsakar ɗaki, gadon da iyayenta suka yi bashi suka saya ƙafafunsa sun kumbura, yara tari ba ya ƙarewa saboda danshi, hadari na haɗowa gabanta na faɗuwa. Maigida ya kira wani maso a liƙe tsaga, baɗi ta sake buɗewa a wuri ɗaya tunda ciwon na tushe ne, in ya ce zai sayar dillali na ganin bangon ya kakkarya kuɗin.

Bayan ambaliyar 2024 gwamnati ta rage kuɗin siminti don mutane su samu su sake gini. Masu buga bulo da ke nan ku faɗa mana tsakani da Allah, tun da aka rage kuɗin buhun a 2024, bulo nawa kuke cirewa a ciki?