Mene ne Maganin Zuciya?

Ɗalibi: Ranka ya daɗe, na kwana ina bincike a kwamfuta a kan matsalar dattijon nan, amma takardun da suka fito ko shekara zan yi ba zan gama karanta su ba.

Farfesa: Wace tambaya ka rubuta?

Ɗalibi: Na rubuta, "Mene ne maganin zuciya?"

Tsoho (daga kan gado): Haƙuri ne, ɗana.

Farfesa: To, ka ji, Baba ya ba ka amsa daidai da tambayarka. Tun shekarar 1995 wani likita mai suna Richardson da abokan aikinsa suka bayyana cewa tambayar da bincike zai iya amsawa sai ta faɗi irin majinyacin, da maganin da ake son ba shi, da abin da za a kwatanta maganin da shi, da kuma sakamakon da ake nema. Fara da majinyacin.

Ɗalibi: Dattijo ne mai yawan magana.

Farfesa: Ba a taɓa tara masu yawan magana an gwada musu magani ba. Ka ce dattijon da jijiyar zuciyarsa ta toshe kwanan baya, kuma zuciyar tana bugawa ba bisa ƙa'ida ba.

Ɗalibi: Sai a ba shi maganin daidaita bugun, a kwatanta da ƙwayar da babu magani a cikinta.

Tsoho: Idan ta biyun ba ta da ɗaci, ita nake so.

Farfesa: Saura sakamako, kuma a nan ne masu gaggawa suke tuntuɓe.

Ɗalibi: Wannan mai sauƙi ne, ranka ya daɗe. Muna so layin da na'urar auna bugun zuciya take zanawa ya miƙe sarai.

Tsoho: Ɗana, ban yi karatun likita ba, amma na san ranar da layin nan ya miƙe sarai magada ake kira.

Farfesa: Baba ya fi ka kusa da gaskiya. A 1989 an fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka mai suna CAST, inda aka ba irin waɗannan majinyata maganin daidaita bugun zuciya, enkainid ko filekainid. Magungunan sun daidaita bugun kamar yadda aka so, takardar na'ura ta yi kyau, amma mace-mace a cikin waɗanda suka sha su ya ninka na masu shan ƙwayar banza fiye da sau biyu, har aka dakatar da ba da su kafin wa'adi. Saboda haka ka tambayi abin da ya dami mai ciwon, wato ko zai rayu.

Tsoho: Likita, ni ma bari in gwada tawa. Ga dattijon da yake kwance a gadon nan, shin sallamarsa yau, idan an kwatanta da barinsa a hannun wannan yaro, za ta ƙara masa kwana?

Farfesa: Baba, tambayarka ta cika sharuɗɗa huɗu cif. Yaro, je ka nemo masa amsa.

Tsoho: A'a, ranka ya daɗe, a tura wani.