Tashoshi sun yi yawa a gidajenmu na Makka, amma wane ne ke ba da labarinmu?

Duk wanda ya shiga gidan Bahaushe a Makka ko Jidda ko Madina a yau, ya ɗauki rimut ya fara latsawa, zai iya cinye rabin sa'a bai kai ƙarshen tashoshin ba. Shi ya sa idan na ce shirye-shiryen da muke kallo ba su da bambancin da ake zato, wasu abokai kan yi mini kallon wanda ƙoshi ya sa shi butulci. Ra'ayina dai shi ne, yawan tashoshi daban, bambancin abin da ke cikinsu daban, kuma a cikin manyan nau'o'in da ake nuna mana, wato barkwanci da shirye-shiryen gasa da labarai da shirye-shiryen bincike, na ƙarshen ne maraya a gidajenmu, alhali kuwa mu Hausawan Hijaz mun fi kowa buƙatarsa.

Dattawanmu da suka daɗe a ƙasar nan ta Saudiyya sun san lokacin da babu zaɓi kwata-kwata. A 1965, zamanin Sarki Faisal, aka fara talabijin na gwamnati daga Riyad da Jidda, kuma sai a 1983 aka ƙara tasha ta biyu mai harshen Ingilishi. Abin da ya sauya komai shi ne tauraron ɗan Adam. An kafa tashar MBC a Landan a 1991, Aljazira ta biyo baya daga Doha a 1996, sannan Al'arabiyya a 2003. A 1994 an fitar da dokar hana kafa dish, amma duk wanda ya ɗaga kai ya dubi saman benaye a shekarun da suka biyo baya ya san yadda dokar ta ƙare. To, daga tasha biyu aka koma ɗaruruwa, sai dai wanda ya zauna ya duba da idon basira zai tarar da kasuwa ce mai rumfuna da yawa wadda akasarin 'yan kasuwarta tumatir ɗaya suke sayarwa.

Ba na cikin masu raina barkwanci, domin na ga aikin da ya yi a ƙasar nan. Shirin Ɗash Ma Ɗash, wanda Nasir Alƙasabi da Abdullahi Assadhan suka yi fice da shi tun daga 1993, ya shafe shekaru yana fitowa kowane azumi jim kaɗan bayan buɗa-baki, kuma ya taɓo batutuwan da mai rubutu a jarida ba zai iya kusantarsu ba a wancan lokaci: jan ƙafa a ofisoshi, da neman alfarma ta hanyar sanayya, da ƙabilanci, da halin da mace ke shiga idan ba ta da muharrami a kusa. Abin ya kai har kwamitin fatawa ya fitar da hukunci a kan shirin, wasu limamai kuma suka yi ta sukarsa a kan mumbari. Duk da haka mutane ba su daina kallo ba, kuma da dama daga cikin abubuwan da aka yi wa dariya a lokacin sun zama doka ko an soke su daga baya, kamar yadda aka bai wa mata damar tuƙin mota a 2018. Ba ina cewa shirin barkwanci ne ya kawo wannan sauyi ba, amma shi ne ya fara shigar da maganar falon kowa, inda uba da 'ya'yansa mata ke zaune a kan shimfiɗa ɗaya suna shan shurba.

Abin da ake kira barkwanci a 'yan shekarun nan kuwa, mafi yawansa wani abu ne dabam. A ɗauko wani sananne a tsorata shi har ya fita hayyacinsa, ya yi ihu, ya yi zagi, a toshe zagin da ƙara, sannan a rungume juna a ƙarshe, kuma haka za a maimaita kwana talatin cur. Shirin Ramiz Jalal, ɗan wasan Masar, shi ne uban wannan salo, kuma 'ya'yanmu ba su da hira a daren azumi sai ta wanda aka kama yau. Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo a gare mu. A azumin 2018 wani shirin barkwanci na Kuwait ya jawo ce-ce-ku-ce saboda an shafa wa ɗan wasa baƙi a fuska yana kwaikwayon mutanen Sudan a matsayin malalata, har ta kai ɗan wasan ya nemi afuwa. Wannan ɗabi'a ta shafa baƙi da karya harshe ba sabuwa ba ce a wasannin Larabci. Yaron da aka haifa a unguwar Hindawiyya ko Shara Mansur a Makka, wanda Larabci ne harshensa na farko, idan ya zauna a gaban akwatin sai ya ga mai kama da shi ko dai mai gadi ne, ko direba, ko abin dariya, kuma washegari zai je makaranta ya haɗu da yaran da suka kalli shiri ɗaya da shi.

Shirye-shiryen da ake bin mutane da kyamara ko a haɗa su gasa ba zan daɗe a kansu ba, domin darasinsu a fili yake. Wanda aka kwaso daga Turai ba tare da an dube shi ba, bai yi ƙarko ba: a 2004 MBC ta tara samari da 'yan mata a wani gida a Bahrain tana ɗaukarsu dare da rana, kuma ba a cika mako biyu ba zanga-zanga ta tilasta aka dakatar da shirin. Wanda ya tsiro daga ƙasar da aka shuka shi kuwa ya yi tasiri. Gasar waƙar Nabaɗi (waƙar gargajiya ta Larabawan sahara) ta Abu Dabi, Sha'irul Milyun, ta sa mutanen ƙauye da birni zaman sauraren baitoci, kuma a cikinta ne Hissa Hilal, 'yar Saudiyya mai niƙabi, ta zo ta uku a 2010 bayan ta soki tsaurin ra'ayi a cikin waƙarta. Haka nan gasar karatun Alƙur'ani da kiran salla ta Iɗrul Kalam da aka fara a 2022, wadda a gidana ita ce kaɗai shirin gasa da surukata ke yarda a sauya mata tashar Harami dominsa. In ba don ita ba, daga asuba har dare akwatin falonta yana kan masu ɗawafi, ko da kuwa barci take yi, kuma jikan da ya kuskura ya taɓa rimut sai ya ji: "Kai ɗan nan, mayar mini da Ɗakin Allah." Daga tagar ɗakinta ana hango hasumiyar agogo da ke kusa da Harami, amma ciwon ƙafa ya hana ta zuwa can.

Labarai kuwa, a nan ne ake ganin yawan tashoshi bai warware mana komai ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, gidajen da ke da dangi a Khartum da Sinnar da Gadarif sun kwana a gaban Alhadas da Aljazira, kuma an ga jiragen ruwa suna kwaso mutane daga Fot Sudan zuwa Jidda kai tsaye. Wannan aiki ne da ya cancanci yabo. Amma wanda mahaifiyarsa ke Zamfara ko Katsina, wanda aka kwashe mutanen ƙauyensu jiya da daddare, zai zagaye tashoshin Larabci duka bai ji an ambaci sunan garinsu ba, sai ya koma wayarsa ya nemi BBC Hausa ko saƙon murya a WhatsApp, inda gaskiya da jita-jita ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Na kuma lura da wani abu a watan Yuli na 2022, lokacin da rikici ya tashi a jihar Bulu Nayil ta Sudan aka kashe mutane da yawa, Hausawa suka fito zanga-zanga a garuruwa daban-daban. A makon ne kafofin Larabci suka shiga bayanin su wane ne Hausawa da inda suka fito, tamkar jiya suka sauka, alhali mutanen nan sun haura shekara ɗari a bakin kogin. Sunanmu ba ya shiga labarai sai da jini, ko kuma da ƙwallo, kamar a 2018 da tawagar Saudiyya ta je gasar cin kofin duniya a Rasha da 'yan wasa uku masu laƙabin Hausawi, ciki har da kyaftin ɗinta Usama.

Mai karanta labarai ba shi da lokacin da zai cike wannan giɓi, kuma ba aikinsa ba ne. Aikin shirin bincike ne, irin wanda ake kira wasa'iƙi a nan, wanda mai shirya shi ke ɗaukar watanni yana tafiya, yana tambayar tsofaffi, yana tona takardu. Masu cewa jama'a ba sa son irin wannan shiri ba su faɗi gaskiya ba. Ahmad Asshuƙairi, ɗan Jidda, ya yi shekara goma sha ɗaya yana gabatar da shirin Khawaɗir daga 2005 zuwa 2015, kuma zangon da ya yi a Japan a 2009, inda ya nuna yara suna share makarantarsu da hannunsu, ya zama abin tattaunawa a majalisu da makarantu. Dakta Id Alyahya ya shiga sahara da duwatsu a shirinsa na Ala Khuɗal Arab a Al'arabiyya, yana tsayawa a kan rijiya ko tsauni ya karanto baitin mawaƙin jahiliyya da ya ambaci wurin, kuma samari suna bibiyarsa. Akwai ma tashoshin da ba su da wani aiki sai wannan, kamar Aljazira Wasa'iƙiyya da aka buɗe a 2007 da National Geographic ta Abu Dabi da ke fassara shirye-shirye zuwa Larabci kyauta. Abin da ke rage yawan irin wannan shiri kuɗi ne. Masu talla suna zuba dukiyarsu ne a watan azumi, a sa'o'in da ke tsakanin buɗa-baki da asham, kuma abin da suke so shi ne shirin da za a yi kashi talatin a ɗaki ɗaya da fitattun fuskoki. Shirin gasa yana da ƙarin riba ta kuɗin saƙonnin zaɓe. Mai bincike kuwa zai kashe kuɗin tafiya da masauki da sayen tsofaffin hotuna, ya fito da sa'a ɗaya tak.

Ba Larabawa kaɗai nake ɗora wa wannan ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, iyalanmu a nan sun samu abin da ke haɗa su da gida, kuma na san gidajen da 'ya'yansu suka gyara Hausarsu a kan Daɗin Kowa fiye da yadda suka gyara ta a bakin iyayensu. Amma idan aka duba abin da ake zubawa da Hausa a YouTube, kusan duka dogon fim ne na soyayya da kishi, sai gajeren barkwanci, sai wa'azi. Idan kuma an zo ɗaukar Saudiyya, to hoton alhazai ne a Mina da Arfa, ko farashin zinari a kasuwa, ko labarin matan da aka kama aka mayar gida. Mutanen da suka zauna a nan tun kaka da kakanni ba sa cikin hoton.

Ga kuwa abin ɗauka jibge. Akwai hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno a Sudan. Akwai alhazan ƙafa da suka riƙa ratsa Chadi da Darfur, suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago shekara da shekaru don tara guzuri, kafin su tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin. Akwai malamai irin su Shaikh Umar Fallata, wanda aka haifa a hanyar hijirar iyayensa, ya zama mai karantar da hadisi a Masallacin Annabi tsawon shekaru. Akwai tsirenmu, wanda ya zama abincin da Bahijaje ke bin layi dominsa a Makka da Jidda. Akwai kuma unguwanni irin su Karantina da Sabil a Jidda, waɗanda aikin sabunta birni ya share tun daga ƙarshen 2021, mutanensu suka warwatsu, kuma abin da ya rage na kamanninsu yana cikin wayoyin waɗanda suka zauna a can. Wani dattijo maƙwabcina, wanda aka goyo shi a wannan hanya yana jariri, yana iya lissafo zangunan da iyayensa suka yada ɗaya bayan ɗaya, da inda aka binne yayarsa, da sunan hatsin da suka noma a kowane wuri, amma jikokinsa ba sa jin Hausar da yake faɗin waɗannan abubuwa da ita.

Kayan aikin ba su ne matsala ba a yau, tun da wayar da ke aljihun kowane saurayi ta fi kyamarorin da aka fara talabijin da su, kuma kamfanin Samaniya na Riyad ya nuna cewa doguwar hira ta sa'o'i tana samun miliyoyin masu kallo a YouTube idan an yi ta da kyau. Matsalar da na gani da idona ita ce tsoro. Da yawa daga cikin tsofaffin da suka fi kowa labari, ko dai takardun zamansu ba su daidaita ba, ko na wani a gidansu, saboda haka da zarar sun ga kyamara sai bakinsu ya mutu. Wasu iyalan kuma da suka samu zama 'yan ƙasa tuntuni ba sa son a tono asali, saboda auren 'ya'yansu da gorin da suka sha a baya. Duk wanda zai yi wannan aiki sai ya kasance ɗan unguwa da aka san iyayensa, ya nemi izinin hukuma idan zai ɗauki hoto a waje, ya yarda ya ɗauki murya kawai inda aka ƙi fuska, kuma ya rubuta fassarar Larabci a ƙasan hoton, domin jikokin da abin ya fi shafa su iya bin abin da kakansu ke cewa.